Kunkurun Daji Ko Na Ƙyanƙyasar Gida? Muhawarar Da Ta Ɓarke A Zauren Masu Kiwo Na Legas

Baban Ummi (Agege):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na san zancen rago da tattabaru da kajin gidan gona aka saba yi a nan, amma yau da wata na zo. Hutun da ya wuce makarantar su Ummi ta kai su wurin adana namun daji na Lekki, ta ga ƙaton kunkurun nan da ke yawo a filin, tun daga ranar ba mu sake shan ruwa da daɗi ba. Safe kunkuru, dare kunkuru. Na yi suɓul da baka na ce in ta haddace izu biyu zan saya mata. To ta cika nata, saura nawa. Yanzu biyu ne a gabana. Wani direban tirela ɗan garinmu ya sauko da guda daga Arewa a cikin lodin albasa, girmansa ya kai farantin cin abinci, ya ce in kawo naira 12,000. Sai wani yaro a Instagram mai sayar da 'yan mitsi-mitsi kamar murfin kofi, ya ce ƙyanƙyasar gida ne, naira 35,000 kowane. Ni dai zuciyata ta fi kwanciya da babban, ga araha ga girma. Masu sani ku ba ni shawara.

Ɗan Zuru (Alaba Rago):
Wa alaikumus salam. Baban Ummi, wannan ai ba abin tambaya ba ne, ɗauki na direba. Dabbar da ta sha ranar daji, ta tsallake gobarar kaka da yunwar bazara har ta kai wannan girman, me zai kashe ta a Agege? Na gida kamar kajin gidan gona suke, iska ta kaɗa sai mura. Mu muna yara huda gefen ƙoƙon ake yi, a zura igiya a ɗaure a gindin rumbu, a jefa masa ragowar tuwo, shekara da shekaru yana nan.

Mai Shayi (Ijora):
Naira 35,000 a kan kunkuru? Ranka ya daɗe kawo kuɗin, ni zan riƙa rarrafe a tsakar gidanka har Ummi ta hau bayana. Kuma ba ruwanka da ciyawa, burodi da shayi ya ishe ni.

Maman Khalil (Idi-Araba):
Baban Ummi don Allah kar ka yi saurin biya. Ni na taɓa wannan wutar. Shekara biyu ke nan muna dawowa daga Epe, wani yaro ya tare mu a gefen titi yana ɗaga kunkuru, Khalil ya ɗora hannu a ka yana kuka sai an saya. Muka saya, muka sa shi a kwali a baranda inda rana ke bugawa, don a tunanina kunkuru ɗan rana ne. Na yanka masa latas, na yanka kabeji, na kawo karas, ko kallo bai yi ba. Maƙwabciyata ta ce ai suna iya wata shida ba ci, in ƙyale shi. Na ƙyale shi. Wajen sati shida sai na ga idanunsa sun zurma, na ɗaga shi na ji shafal kamar ƙwaryar da ba komai. Washegari ƙudaje ne suka gaya mana. Har yau in na tuna sai na ji kamar ni na kashe shi da hannuna, don kuwa yana gabana yana mutuwa a hankali ban gane ba. Kunkuru ba ya kuka, ba ya nishi, wannan ce matsalarsa.

Dakta (Oko-Oba):
Allah ya ba da haƙuri Hajiya. Baban Ummi, kafin a ci gaba da musu, turo mana hotunan duka biyun, na sama da na ciki da kuma kai. Kalmar kunkuru tana rufe dabbobi da yawa waɗanda ba su haɗa abinci ba, ba su haɗa wurin kwana ba. Mu san da wa muke magana tukuna.

Baban Ummi (Agege):
Ga su nan na tura, likita. Na farko na direba ne, na biyu daga shafin yaron na ɗauko.

Ɗalibar Akoka:
Salamu alaikum iyayena, a yi mini afuwa in tsoma baki, ilimin dabbobi nake karantawa. Baba, waɗannan biyun ba 'yan gida ɗaya ba ne ko kaɗan. Na direba shi ne babban kunkurun Sahel, wanda ake kira sulkata, mai launin ƙasa-ƙasa da ƙayoyi a cinyoyin baya. Yana rayuwa a gefen hamada tun daga Senegal da Muritaniya, ta Mali da Nijar da can ƙuryar Arewacin Najeriya, har Sudan da Habasha. Shi ne na uku a girma a duk kunkurun duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Wannan da kake gani kamar faranti yaro ne. In ya rayu zai kai tsawon santimita 70 zuwa 80, namiji yana wuce kilo 80 a nauyi. Na Instagram kuwa ku duba jan zanen da ke bayan idonsa da tafin ƙafarsa mai fata kamar na agwagwa. Kunkurun ruwa ne ɗan Amurka, daga yankin kogin Misisipi. A ruwa yake ci, a ruwa yake kashi, in ka ajiye shi a tsakar gida bushewa zai yi.

Baban Ummi (Agege):
Ikon Allah. Ni fa na ɗauka ƙaramin in ya girma shi ne zai zama babban.

Mai Shayi (Ijora):
Kilo 80? Ashe ba kunkuru za ka saya ba, ɗan haya za ka ƙara. Ka fara sanar da lanlod kafin ya ƙara maka kuɗin ɗaki.

Ɗalibar Akoka:
Anti Maman Khalil, naki kuma ina kyautata zaton irin na kurmi ne, tunda a hanyar Epe kika saye shi. Ko bayan ƙoƙonsa yana lanƙwasawa ya rufe ƙafafun baya kamar ƙofa?

Maman Khalil (Idi-Araba):
Wallahi haka yake! Har Khalil yana cewa mai ƙofa.

Ɗalibar Akoka:
To shi ne. Wannan a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye yake zaune cikin inuwa da laima, abincinsa dodon koɗi da tana da naman kaza da 'ya'yan itacen da suka faɗo. Rana kai tsaye azaba ce gare shi. Ɗaya daga cikin ire-irensa da ke kurmin Kudancin Najeriya yana sahun dabbobin da ƙungiyar IUCN, mai aikin kare halittu a duniya, ta ce suna dab da ƙarewa, saboda farauta da sare daji. Sulkatan ma tana cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari.

Dakta (Oko-Oba):
Madalla da 'yata. Yanzu bari in amsa wa ɗan'uwana Ɗan Zuru, don maganarsa ita ce mafi yawan mutane ke yi, kuma a fuska tana da ma'ana. Gaskiya ne na daji ya tsallake wahala, amma wahalar dajinsa ya tsallake, ba ta Legas ba. Kusan duk wanda aka kamo daga daji da tsutsar ciki yake zuwa, sau da yawa har da kaska a hammata da gindin wutsiya. A can yana yawo, ya yi kashi nan ya wuce gaba, jikinsa da tsutsar sun yi zaman lafiya. Ka kama shi, ka jefa a buhu, ya yi kwana uku ko huɗu a kan albasa ba ruwa, ga jijjiga ga zafin ƙarfe, sannan ka sauke shi a ɗan lungu inda yake taka kashinsa yana cin abinci a kai. Nan garkuwar jiki take faɗuwa, tsutsar ta yi masa rubdugu. Ba ranar yake mutuwa ba, shi ya sa ake ruɗuwa. Sai bayan wata uku, wata shida, lokacin mai sayarwa ya daɗe da cinye kuɗinsa. Zancen kaskar nan ba ƙarami ba ne, mu masu dabbobi ya fi shafa. A shekarar 2000 Amurka ta hana shigo da sulkata da wasu kunkuru biyu na Afirka, saboda kaskar da ke jikinsu tana iya ɗaukar cutar da ke tara ruwa a jakar zuciyar shanu da tumaki da awaki. Ɗan Zuru, kai da ke da raguna a turke, ka yi tunani.

Sai maganar huda ƙoƙo. Ku duba hoton farko da kyau, akwai huji a gefen baya. Ƙoƙon nan ba riga ba ce da ya saka. Haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka haɗe suka zama shi, akwai jini a ciki, akwai jijiya. In ka shafa yana ji, balle ka sa ƙusa mai zafi.

Ɗan Zuru (Alaba Rago):
Likita na ji, amma kaska da tsutsa ai ba sabon abu ba ne a wurinmu. Allurar ibamektin ɗaya da muke yi wa raguna ta share su duka. Baban Ummi ka kawo shi nan kasuwa in yi masa kyauta.

Dakta (Oko-Oba):
A'a! Don girman Allah kowa ya karanta wannan sau biyu. Ibamektin guba ce ga kunkuru. Tana shanye masa jiki, numfashi ya tsaya, ya mutu, ko da ɗigo kaɗan ne. Wannan sananne ne a wurin duk likitan da ya taɓa duba irin waɗannan dabbobi. Abin da ke warkar da rago ba dole ya warkar da kowa ba. Akwai maganin tsutsa da ake ba su ta baki, amma sai an auna nauyi an duba kashi, ba da ka ake yi ba. Kaska kuwa da hantsaki ake cire ta ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan Zuru (Alaba Rago):
To Allah ya rufa asiri, da na yi aika-aika da sunan taimako. Na karɓi wannan. Amma sauran maganar ban sauka ba. Ku kuna cewa a sayi na ƙyanƙyasar gida. Wa ya ga lokacin da aka ƙyanƙyashe shi? A Legas ɗin nan da ake sayar wa mutum fili ɗaya sau uku, yaro ya rubuta ƙyanƙyasar gida a Instagram shi ke nan sai in yarda? Ni na san masu tono ƙwai a daji, na san masu kamo uwa mai ciki ta zuba ƙwai a bayan gida. Wannan na gida ne ko na daji? Direba dai bai yi wa kowa ƙarya ba, ya ce daga daji ya ɗauko.

Ɗalibar Akoka:
A nan kam Kawu ya taɓo inda yake ciwo. Abin da ya faɗa sana'a ce guda a Togo da Benin da Ghana, a kamo mata masu ƙwai, a ƙyanƙyashe a gona, a fitar da 'ya'yan ƙasashen waje. Kuma dalilin da ya sa ake son laƙaba wa dabba sunan ta gida shi ne doka. Ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, tun shekarar 2000 ba a yarda a fitar da sulkatar da aka kamo daga daji don kasuwanci ba, ko guda ɗaya. Sai a canza mata takarda. A nan gida ma akwai dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 wadda aka yi wa gyara a 2016, hukumar kare muhalli ta NESREA ke kula da aiwatar da ita. Don haka rubutu a shafi ba hujja ba ne. Hujja ita ce a kai ka ka ga iyayen da idonka, ka ga inda aka binne ƙwan, ka ga 'yan'uwansa masu girma ɗaya da shi. Wanda ya ce sai dai ya aiko maka da ɗan acaɓa, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Alhaji (Ikorodu):
Assalamu alaikum. Tun ɗazu nake karatu ina murmushi, jikana ne ya ce in yi magana. Ina da irin wannan na Sahel guda biyu, mace da namiji, shekara 19 ke nan a gidana. Ba zan ɓoye ba, na daji ne, a lokacin ban san komai ba, wani ya kawo mini tsaraba daga wajen Nguru. Uku ne aka kawo, ɗaya bai ga daminar farko ta ƙare ba, majina ta riƙa fita masa ta hanci yana buɗe baki har ya tafi. Biyun da suka rayu sun ci mini kuɗi da natsuwa fiye da saniya.

Baban Ummi, ɗana, bari in gaya maka abin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba. Wannan dabba haƙa take yi. A garinsu ramin ne ke tsare ta daga zafin rana, to ko a Legas ba ta daina ba. Namijin nawa ya taɓa haƙa rami ya bi ta ƙarƙashin katanga, sai maƙwabcina Bayarabe ya buga mini ƙofa da asuba wai ijapa ɗina, wato kunkuruna, na cin ganyen matarsa. Na sake ginin gefen nan da kankare har ƙasa. In damina ta kankama, watan Yuni da Yuli, ramin cika yake da ruwa, dole na gina musu ɗaki mai tudu da busasshiyar ƙasa da ingirici a ciki, in ba haka ba cikin ƙoƙon ya fara ruɓewa. Sun tumɓuke famfo, sun ture babur, sun cinye duk shukar Hajiya. Namijin yanzu sai mutum biyu ƙarfafa suke ɗaga shi. Abinci kuwa ciyawa ce, ciyawa, ciyawa, kamar jaki. Ina ƙara musu ganyen rama da na kabewa da na kuɓewa, ina daka ɓawon ƙwai in barbaɗa. Ban da tuwo, ban da burodi, ban da shinkafa, 'ya'yan itace ma sai ɗan taɓawa, don zawo suke sa su.

Shekara huɗu da suka wuce macen ta fara ƙwai. Bara ta binne 21, na tone na sa a tukunya da yashi a ɗaki, bayan wata uku da 'yan kwanaki 13 suka fito. Na rabar da wasu, shida na nan. Bambancin da na gani da idona shi ne, waɗannan ƙananan tun ranar da suka fara ci daga hannuna suke karɓa, ba sa ɓuya in sun ga mutum, ba su san wata ƙasa ba sai wannan. Iyayensu kuwa sai da suka shekara suna hura hanci suna janye kai in na matso.

Baban Ummi (Agege):
Allah ya ƙara girma Alhaji. Gaskiya jikina ya yi sanyi. Ni ɗaki biyu da falo nake haya a bene na ɗaya, tsakar gidan duk siminti ne, mu gida takwas muke raba shi. Kenan ƙaramin na ruwa ya fi dacewa da ni?

Dakta (Oko-Oba):
Shi ɗin kusan tabbas ƙyanƙyasar gona ne, don a Amurka gonaki guda ake yi nasu ana fitarwa duniya. Ta wannan fuskar ba ka cire komai daga dajinmu ba. Amma ka san abin da za ka ɗauka. Murfin kofin nan macensa tana kai santimita 25 zuwa 30, kuma suna shekara 20 zuwa 30, wasu su wuce. 'Yar robar da ake haɗa maka da ita ta wata biyu ce. Zai buƙaci babban akwatin ruwa ko ƙaton baho, da wurin da zai hau ya bushe ya sha rana, da injin tace ruwa, ka kuma tuna halin wutarmu. In ba inji, canjin ruwa ne kowane kwana biyu, in ka yi sakaci falonka ya koma warin kwata. Hasken rana kuma dole ne ya taɓa shi kai tsaye, wanda ya ratso gilashin taga ba ya aiki, in babu shi ƙoƙon laushi yake yi kamar katifa. Shekarun Ummi nawa, kuma akwai ƙannenta?

Baban Ummi (Agege):
Tara take. Akwai ƙaninta mai shekara biyu, shi kuwa komai ya samu baki.

Dakta (Oko-Oba):
To nan ne zan tsaya da ƙarfi. Kunkuru, na daji da na gida duka, suna ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, amma yaro ƙarami tana sa shi zazzaɓi da gudawa mai tsanani. Dalilin ke nan da tun 1975 Amurka ta hana sayar da kunkurun da bai kai inci 4 ba, don yara na sa su a baki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ma shawararta ita ce kar a ajiye su a gidan da ke da yaro ƙasa da shekara 5. Ƙyanƙyasar gida ba ta wanke wannan. Sabulu bayan kowane taɓi, kuma ba a wanke bahonsa inda ake wanke kwanuka.

Ɗalibar Akoka:
Ƙari a kan na likita, in an gaji da shi don Allah kar a kai shi lagun ko kwata a ce an 'yanta shi. Wannan mai jan kunnen yana cikin jerin dabbobi 100 mafi ɓarna in sun shiga ƙasar da ba tasu ba, Tarayyar Turai ta hana shigo da shi tun 1997. Muna da namu na ruwa a fadamun Legas, da kififiya a kogunanmu, shi zai kore su daga abinci da wurin shan rana.

Malam (Obalende):
Bismillah. Tunda an zo nan bari in sa albarkacin bakina. Asalin ajiye dabba don sha'awa halal ne, malamai suna kafa hujja da ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani bai hana ba, har ya tambaye shi labarin tsuntsun. Amma kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Abin da Hajiya ta ba da labari rashin sani ne, Allah ya yafe. Mu da muka karanta bayanin nan yau kuma ba mu da wannan uzurin. Sai abu na biyu, na ji ana cewa ajiye kunkuru a gida yana kore sammu da mayu. Wannan ba shi da asali, wanda ya ajiye da wannan niyya ya binciki aƙidarsa.

Mai Shayi (Ijora):
Allah ya gafarta Malam, ai shi ya sa farashinsa ba ya sauka a wurin masu kayan magani. Mu da Yarabawa mun haɗu a wannan layin.

Hajiya Babba (Mile 12):
Ni duk ba wannan ya dame ni ba. Wanda direba ya riga ya kawo fa? Yana can a gareji cikin buhu da huji a bayansa. In Baban Ummi bai saya ba, gobe masu magani za su saya su fasa shi. Ba gara a saya a cece shi ba, ko a kai wa Alhaji?

Ɗan Zuru (Alaba Rago):
Yauwa Hajiya, abin da nake son faɗa ke nan. Kuma yaron ƙauyen da ya tono shi ya sayar naira dubu ɗaya ko biyu, shi ma abinci yake nema. Mu da ke zaune a Legas muna danna waya yana da sauƙi mu ce haramun.

Ɗalibar Akoka:
Hajiya, tausayin nan ni ma ina jin sa. Sai dai direba ba ya karanta niyya, kuɗi yake ƙirgawa. In ya samu 12,000 yau, ya gane akwai kasuwa. Kuma dabbar nan ba kaza ba ce da za ta cika gida a wata shida. A daji takan haura shekara goma kafin ta fara ƙwai, yawancin 'ya'yan kuma tsuntsaye da dila da gafiya ke cinyewa tun suna laushi. Wanda ya kai girman faranti ya riga ya tsallake duk wannan, cire shi ɗaya kamar cire ƙwai ɗari ne. Kawu, yaron ƙauyen ma in sun ƙare me zai tono? A Senegal akwai Ƙauyen Kunkuru a Noflaye kusa da Dakar, inda ake kiwon sulkata ana mayar da su daji a yankin Ferlo, Tomas Diagne da ya yi fice a wannan aikin har lambar yabo ta Tusk, ta masu kare namun daji, ya samu a 2019. Abin yana yiwuwa, mu ne ba mu fara ba.

Hajiya Babba (Mile 12):
'Yata, na ji karatunki, amma ni wancan na cikin buhun nake gani, ba ƙwai ɗari ba. Ba ki amsa mini ba.

Ɗalibar Akoka:
Gaskiya ne Hajiya, ba ni da amsar da za ta yi daɗi. Mafi kyau a lallashe shi ya bayar ba da kuɗi ba, a tuntuɓi masu kula da wurin Lekki su faɗi inda ya dace a kai shi.

Alhaji (Ikorodu):
In ya bayar zan karɓa, amma ba zan haɗa shi da nawa ba sai ya yi aƙalla wata uku a keɓe likita ya duba shi. Kuma in namiji ne akwai rigima nan gaba, don maza biyu ba sa zama, tunkuyi suke har ɗaya ya kifar da ɗaya, in ba kowa kusa rana ta kashe shi a kife. Kuɗi dai ba zan ba da ko sisi ba, na yi wannan kuskuren sau ɗaya ta hanyar tukuici.

Baban Ummi, ga shawarata. Kawo Ummi ranar Lahadi bayan azahar. Ta ga ƙananan, ta ga iyayen, ta ga kashin da ake kwashewa kowace safiya, don shi ma yana cikin kiwon. In ta zaɓi ɗaya ta raɗa masa suna, nata ne, amma ya zauna a nan inda akwai ƙasa da ciyawa, ta riƙa zuwa dubawa. Ranar da Allah ya ba ka gidanka mai fili ka zo ka ɗauka. Ba gudu zai yi ba. Ni kaina damuwata yanzu wa zai gaje su, don suna haura shekara 70, ni kuwa na ba 60 baya.

Mai Shayi (Ijora):
Alhaji ai sai a sa su a rabon gado. Na fadar Ogbomosho ma da ya mutu a 2019 an ce shekararsa 344, sarakuna nawa ya binne.

Ɗalibar Akoka:
Alagba ke nan, shi ma sulkata ne. Masana dai sun yi shakkar wannan lissafin, sun ce irinsa ba ya kai ko kusa da haka.

Ɗan Zuru (Alaba Rago):
Ke kuma komai sai kin ɓata mana. A bar mutane da tarihinsu.

Shugaban Zaure:
Jama'a an gode, a riƙa tausasa harshe. Na maƙala saƙon likita na ibamektin a sama don masu shigowa daga baya. Mai cigiyar tattabaru ya jira a gama wannan.

Baban Ummi (Agege):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Alhaji in sha Allahu muna nan tafe Lahadi, na nuna wa Ummi hoton ƙananan har ta raɗa wa ɗaya suna tun ba ta gan shi ba. Yaron Instagram na ce masa na fasa. Direban kuma na kira shi yanzu a kan maganar Hajiya Babba, in roƙe shi ya bayar a kai Ikorodu. Ya ce ai na makara, tun la'asar wata mata ta biya 15,000 ta tafi da shi. Wai kar in damu, sati biyu zai sake saukowa, ya riga ya aika a tono masa uku.

Hajiya Babba (Mile 12):
Innalillahi. Turo mini lambarsa ta gefe, uwarsa ƙawata ce in dai wanda nake zato ne.